Datsewar Sauti a Ƙananan Rikodoji da Illarta ga Taskace Adabin Baka

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke sa sauti ya gurɓace a ƙananan rikodojin da manazarta ke fita da su fagen bincike. Ta nuna cewa ɓarnar kan faru a wurare uku daban-daban, kuma mafi yawanta daga saitin mai ɗauka take fitowa, ba daga arhar na'ura ba.

1.0 Gabatarwa

A zamanin rikodojin faifan zare irin su Uher da Nagra, an saba da ɗaga ƙarfin shigar sauti har allura ta kusa jan layi, don muryar mawaƙi ta danne shuwar zaren. Idan an ɗan zarce, zaren yakan lanƙwasa sautin a hankali. Rikodar zamani ba ta da wannan sassauci, amma tsohuwar ɗabi'ar tana nan daram a hannun masu ɗauka.

2.0 Yadda Datsewar ke Faruwa

Rikodar zamani tana auna igiyar sauti sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa, ta rubuta kowane awo da lamba. A tsarin bit 16 matakai 65,536 ne kawai, kuma mafi girmansu shi ake kira 0 dBFS. Babu lamba a samansa. Duk abin da ya zarce, sai a maimaita masa lambar ƙarshe. Wanda ya buɗe irin wannan fayil a manhajar Audacity zai ga kawunan igiyoyin a baje, kamar an sa wuƙa an fille su. Wannan bajewar ita ke haifar da wasu amo da ba su cikin muryar asali, kunne ya riƙa jin ƙarar-ƙarar.

Kiɗan Hausa yana cikin abubuwan da suka fi shan wannan wahala. Mai bincike yakan saita na'urarsa da muryar mawaƙi suna zaune suna hira. Da an soma, bugun farko na kalangu ko tambari, guɗar mata, da kirarin maroƙi da ke faɗowa ba shiri, duk sai su haura rufin 0 dBFS. Bugun ganga gajere ne ƙwarai, mita ma ba ta cika nuna tsayinsa na gaskiya ba.

Ga masu nazarin furuci asarar ta fi muni. Karin sauti yakan tsira, amma awon ƙarfin amo da ake yi a manhajar Praat domin bambance ɓ da ɗ daga b da d ba ya da sauran amfani, tunda na'urar ta cusa nata amon a ciki.

3.0 Sauran Wurare Biyu

Makirufo yana da iyakar ƙarar da zai iya ɗauka, haka ma amfilifayar da ke bayansa. Misali, a wurin biki ko wa'azi a kan jona waya daga na'urar masu lasifika zuwa ramin makirufo na rikoda. Sautin ya riga ya lalace tun a bakin ƙofa. Ko an rage maɓalli mita ta sauko, gurɓataccen sauti ne ake ajiyewa a hankali. A wasu na'urori limita, wato abin da ke hana sauti haura rufi, ita ma tana aiki ne bayan an mayar da sauti lambobi, don haka ba ta hana komai.

Tun 2019 da Zoom F6 da jerin MixPre II na Sound Devices suka zo da tsarin bit 32, datsewa a matakin lambobi ta ragu sosai. Makirufon da aka cusa a bakin ganga kuwa, wannan tsari ba zai cece shi ba.

4.0 Shawarwari

Ƙungiyar IASA mai kula da taskace sauti ta ba da shawarar kada a gaza bit 24 da awo 48,000. A wannan tsari babu dalilin kusantar rufi. A bar kololuwar sauti wajen -12 dBFS, a sa makaɗa su buga da iya ƙarfinsu kafin a saita, a ja da makirufo baya daga ganga, kuma kada a cire abin sauraro daga kunne. Manhajojin gyara suna cike gurbin ne da hasashe, ba sa dawo da abin da mawaƙi ya rera. Ya kamata sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su koyar da wannan saiti a darasin dabarun bincike, kafin a tura ɗalibi wurin dattijon da mai yiwuwa ba za a sake samunsa ba.