Shaihu Umar da Hanyar Hamada

Ya ku 'yan makaranta, yau muna so mu yi muku bayanin wani ɗan littafi, da kuma zamanin da ya haife shi. Sunan littafin Shaihu Umar. Ƙarami ne, mutum ya iya karance shi a zama biyu, amma abin da ke cikinsa ya fi girmansa nauyi.

Ga yadda aka yi ya samu. Cikin shekara ta 1933 Dokta R. M. East, shugaban Ofishin Fassara na Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai na ƙagawa da Hausa, don yara su sami abin karantawa da harshensu. Aka yi gasa, aka zaɓi littattafai biyar, watau Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi, da Shaihu Umar. Wanda ya rubuta na ƙarshen nan wani saurayi ne mutumin Bauci, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi cikin 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koma gida yana koyarwa. Shi ne daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya cikin 1957, har ya rasu a juyin mulkin Janairu na 1966.

To, mene ne labarin? Wani babban malami ne zaune a Rauta, kusa da Bauci, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya ba su labari. Ya ce a Kagara aka haife shi, ya tashi maraya. Uwarsa ta auri wani bafada, Makau, wanda mahassada suka yi wa sharri har sarki ya kore shi daga gari. Cikin wannan rikici aka sace yaron, aka yi ta wucewa da shi daga hannu zuwa hannu, har ya faɗa ga wani Balarabe, Abdulkarim, a Kano. Balaraben ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa uwar ba ta zauna ba. Ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita baiwa. A Tarabulus suka gamu bayan shekaru masu yawa, ta gan shi da idonta, ba ta daɗe ba ta cika.

Kada ku ɗauka wannan tatsuniya ce kawai. Umar dai ƙagagge ne, amma hanyar da aka bi da shi ta gaskiya ce. Ayarin raƙuma kan tashi daga Kano su bi ta Damagaram da Agadas da Gat, ko kuwa su bi hanyar Barno ta Bilma da Murzuk, su yi watanni kafin su ga bakin teku. Suna ɗauke da fatu da tufafi da hauren giwa, suna kuma kora bayi. Wani matafiyi Bajamushe, Dokta Barth, da ya zo Kano cikin 1851, ya ƙiyasta bayin da a ke fita da su daga birnin kowace shekara ba su wuce 5,000 ba. Ku tsaya ku duba wannan lissafi. Ko da rabinsa ne, kowane ɗaya daga cikinsu yana da uwa da ta fita neman sa, yana da sunan da a ke kiransa da shi a gida.

Akwai ma yaron da abin ya faru gare shi da gaske, muka kuwa san sunansa. Shi ne Dorugu, Bahaushen ƙasar Damagaram. An kama shi yana ƙarami, aka kai shi Barno, inda wani abokin tafiyar Barth, Overweg, ya fanshe shi. Cikin 1855 Barth ya tafi da shi Ingila. A can ya faɗi labarin rayuwarsa da Hausa, wani mai suna Schön ya rubuta, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, ya rasu cikin 1912, shekarar da aka haifi marubucin Shaihu Umar.

Yaya aka yi hanyar ta mutu? Cikin 1901 Gwamna Lugga ya yi doka ta hana cinikin bayi, ya kuma ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne. Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, kaya suka koma bin Ikko, kasuwar ayari ta faɗi. Amma ba a kashe bauta ɗungum a dokar Arewa ba sai 1936. Kun ga ke nan sa'ad da Malam Abubakar ke rubutu, tsofaffin da suka ga abin da idonsu suna nan da rai, waɗansunsu ma a maƙwabta.

Abin lura a nan shi ne tambayar da littafin ya ɗora a gabanmu. In an raba yaro da uwarsa da garinsa da harshensa, me ya rage masa da zai ce shi wane ne? Amsar marubucin ita ce ilmi da kyawun hali, gama su ne kayan da ɓarawo ba ya iya kwancewa daga kan mutum. Da su Umar ya sami daraja a baƙuwar ƙasa, da su kuma ya sami wurin zama da ya komo bai tarar da kowa nasa ba. Amma marubucin bai ɓoye mana tsadar abin ba. Ɗan ya zama shaihi, uwar ta mutu cikin bauta. Hanya ɗaya suka bi, ta ɗaukaka wannan, ta hallaka waccan. Wanda ya karanta ya ga ɗaukakar kaɗai, rabin littafin ya karanta.

Littafin bai tsaya a Hausa ba. Mervyn Hiskett ya juya shi da Turanci cikin 1967, aka kuma mai da shi sinima cikin 1976. Duk da haka mun fi so ku neme shi da harshen da aka rubuta shi. In kun gama, ku je wurin kakanninku ku tambaye su daga ina gidanku ya taso, wane ne ya fara zuwa garin, me kuma ya kawo shi. Ku rubuta abin da suka faɗa muku tun suna da rai. Umar ya san asalinsa don ya riƙe labarin a ka, Dorugu kuwa mun san shi don an sa nasa a takarda.