Turakun Lantarki da Turbobin Karkarar Kano

A da, matafiyi a karkarar Kano da itatuwa yake gane hanya: ya saki rimi ya nufi kuka, sannan ya bi burtali har ƙofar gari. Bayan an gama madatsar ruwan Kainji a 1968, sai aka ja layin wuta mai ƙarfin bolt 330,000 ta Kaduna har Kumbotso, kudu da birnin Kano, inda aka kafa babbar tasha. Hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, ta daɗe tana riƙe da ita.

To, ƙa'idar irin wannan layi ita ce a bar masa fili mai faɗin mita 50, ba gini, ba dogon itace. Watau duk ɗorawa ko rimin da ya faɗa cikin wannan ziri, gatari ne rabonsa, komai daɗewarsa yana yi wa masu wucewa inuwa. Turbar da ta ci karo da shingen tasha kuwa, tilas ta yi kwana.

Sai manomi ya koma hango turakun ƙarfe tun daga nesa, wayoyi na ƙugi bisa kansa. Abin takaici, ƙauyuka da dama da layin ya ratsa sun yi shekaru suna kunna aci-balbal, domin wuta mai wannan ƙarfi ba ta shiga gida sai an rage ta a tasha.