Soro, Kwano da Indararo: Tarihin Rufin Gida a Maraɗi

Tarihin Maraɗi tarihi ne na zama da ruwa. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsa a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri wajen 1836. Garuruwan biyu sun zauna a bakin Gulbin Maraɗi, inda fadama take ba da abinci, kurmi yake ba da mafaka, laka kuma take ba da kayan gini.

A wancan zamani yawancin jama'a ɗakin ciyawa suke kwana, soro kuwa na sarakuna ne da masu hali. Ginin soro sana'a ce mai ƙa'ida. Magini yakan jera azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cinsa da sauƙi. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazara ta wuce mita 2 ko kusa da haka, sai a gicciya wasu a kusurwoyin ɗaki don rage faɗi, ko a ɗaura bakan gizo idan ɗakin babba ne. A kan azara ake shimfiɗa zana, a zuba ƙasar da aka kwaɓa, a karkatar da ita kaɗan domin ruwa ya gangara. Daga nan sai a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina.

Duk wannan aiki yana rataye ne a kan abu guda ƙarami: indararo. Shi ne yake huda rawanin soro, ya tofar da ruwa nesa da bango. Ana yin sa da yumɓu gasasshe ko da kututturen da aka rarake, daga baya aka koma na gwangwani. Idan ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta lanƙwashe. Shi ya sa kafin damina maigida yakan hau soro da yaransa, a share indararo, a cike tsaga, a sabunta yaɓe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ruwa ma haka yake.

A daminar 1945 gulbi ya cika ya batse, ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke kwari. Hukumar mulkin mallakar Faransa ta mayar da garin kan tudu, ta yanka filaye da tituna miƙaƙƙu. Sabon garin ya tashi daidai lokacin da cinikin gyaɗa yake bunƙasa, kuma kuɗin gyaɗa da fatauci zuwa Kano suka kawo siminti da kwano. Gidan Alhaji mai rufin kwano ya zama alamar arziki. Farin shekarun 1968 zuwa 1974 da na 1984 sun rage itatuwa, azara ta yi tsada. Unguwannin da aka yanka daga baya, irin su Zariya, sun girma ne a zamanin bulo da kwano, alhali a tsofaffin unguwanni da a Tibiri da Jiratawa soron ƙasa bai gushe ba.

Kwano ya sauƙaƙa aikin shekara-shekara, amma ya zo da nasa. Yana zafi a bazara, guguwar farkon damina tana yaye shi, tsatsa tana cinsa ta bakin ƙusa. Sannan ruwan da ya zubo daga kansa yana faɗowa gindin bango da ƙarfi, ya bi titi. A kan tudun yashi irin na Maraɗi, ruwan rufi dubu idan ya haɗu shi ne yake haƙa kwazazzabo. Babbar asarar kuwa ita ce ɗabi'ar dubawa: mutane sun ɗauka rufin zamani ba ya bukatar ido.

Daminar 2024 ta tuna wa kowa. A ranar 30 ga Agusta ruwa mai ƙarfi ya sauka a Maraɗi, gidaje suka rushe, aka yi asarar rayuka. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin ƙasa na Birnin Zinder, ginin ƙarni na 19, ya faɗi.

Abin da magabata suka bari bai tsufa ba. Watannin Afrilu da Mayu ne lokacin hawa rufi. Mai soro ya cike tsaga, ya duba azara daga cikin ɗaki. Wadda ta lanƙwashe ko take zubar da gari a canza ta, kada a ƙara mata ƙasa. Mai kwano ya bi ƙusoshi, ya sauya fallen da tsatsa ta huda, ya ɗaure katako da bango. Indararo ya zama mai tsawo, a sa dutse ko randa a inda ruwansa yake sauka, kuma kada a juya bakinsa ga bangon maƙwabci. A 1945 an iya ɗauke gari daga hanyar gulbi. Ruwan da yake sauka daga sama kuwa, kowane gida ne zai yi masa hanya.