Kano zuwa Khartum: jirgin sama ya bi sawun alhazai

Idan aka ja layi ɗoɗar a taswira daga Kano zuwa Khartum, tazarar ba ta wuce kimanin kilomita 2,600 ba. Jirgin zamani zai cinye ta cikin awa huɗu, da saura. Amma jiragen farko ba su san wannan layi ba. Hanyar da alhazan ƙasa suka daɗe suna takawa ita suka bi, zango bayan zango.

A ƙarshen Oktoban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka tashi daga Helwan ta Masar ƙarƙashin Arthur Coningham. Sun biyo ta Sudan da Chadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. Jirage ne masu fukafukai biyu, sama da ƙasa, jikinsu katako da yadi, matuƙi zaune a buɗe iska na dukansa. Tankinsu ba ya kai su nesa, don haka tilas a riga su da mai a kowane masauki, a share fili, a tanadi ruwa. To ina ake samun ruwa da mutane a wannan sahel in ba garuruwan da ayari ke yada zango ba?

Shi ya sa da kamfanin Imperial Airways ya buɗe jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano a 1936, jerin masaukansa tamkar wani tsohon alhaji ne ke lissafa tafiyarsa: El Obeid, El Fasher, Geneina, Abeche, Fort Lamy wadda ta zama Njamena, sai Maiduguri. Masu tafiya a ƙasa kan shekara da shekaru a wannan hanya, suna noma ko ƙodago don neman guzuri. Da yawa ma a Sudan suka zauna, kamar mutanen Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya raya hanyar sosai. Daga 1940 ana sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a tashar Takoradi, a harhaɗa su, su taso ta Legas da Kano zuwa Khartum da Alƙahira. Dubban jirage sun bi ta nan. Da gwamnan Chadi, Félix Éboué, bai koma ɓangaren de Gaulle, mai ƙawance da Ingila, a Agustan 1940 ba, da an toshe tsakiyar hanyar.

Tafiyar ƙasa ta sake dawowa a Afrilun 2023, da yaƙin Sudan ya rufe filin jirgin Khartum. Ɗaliban Najeriya da ke can a motocin safa aka kwashe su, wasu zuwa iyakar Masar suka hau jirgi a Aswan, wasu kuma ta Port Sudan.