Zhovkva: Tsarin Gari da Makomar Gine-ginen Tarihi a Yammacin Yukren

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci gine-ginen Zhovkva, wani ƙaramin gari da ke arewa da birnin Lviv. Ta nuna cewa abin da ya fi tasiri a kan ɗorewar kowane gini a garin shi ne wanzuwar jama'ar da ke amfani da shi, fiye da ƙarfin kayan da aka gina shi da su.

Kafuwar Gari da Tsarinsa

Stanisław Żółkiewski, babban kwamandan askarawan Polan, shi ya kafa garin a 1597, kuma a 1603 Sarki Sigismund III ya ba shi 'yancin gudanar da kansa bisa dokar Magdeburg. Garin bai yaɗu kara zube ba. An zana shi tun kafin a aza tubali, bisa tunanin magina na Italiya game da gari mai cikakken tsari: fada mai kusurwa huɗu, dandalin kasuwa a gabanta, Cocin Saint Lawrence (1606–1618) a gefe, sannan ganuwa da ƙofofi. Duk wanda ya tsaya a dandalin zai ga mulki da addini da ciniki suna fuskantar juna, kuma da gangan aka yi hakan. Żółkiewski bai daɗe yana cin moriyar aikinsa ba, domin ya mutu a yaƙin Cecora da Daular Usmaniyya a 1620. Garin ya kai ganiyarsa a zamanin tattaɓa-kunnensa, Sarki Jan III Sobieski (1674–1696), wanda ya mayar da fadar ɗaya daga cikin mazaunansa.

Gini Biyu, Makoma Biyu

A shekarun 1690, da amincewar Sobieski, Yahudawan garin suka gina majami'arsu mai kaurin bango, wadda kallo ɗaya za ka ɗauka sansanin tsaro ce. Bayan haka, a 1720, aka gina Cocin Triniti Mai Tsarki a wajen ganuwa, da katako zalla, mai ƙubba uku, da bangon katako sassaƙaƙƙe mai ɗauke da hotunan waliyyai. A hankalce, ginin katako ne ya kamata ya riga lalacewa. Amma sojojin Jamus sun ƙona majami'ar Yahudawan a 1941, kuma zuwa 1943 an hallaka mafi yawan Yahudawan garin, ginin ya zama ba mai shi. Cocin kuwa tana da masu ibada har yau, kuma UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihi na duniya a 2013, tare da wasu coci-cocin katako 15 na Polan da Yukren.

Zamanin Tarayyar Sobiyet ma ya bar tabonsa. Daga 1951 zuwa farkon shekarun 1990 ana kiran garin Nesterov, don tunawa da matuƙin jirgin Rasha da ya mutu a kusa da nan a 1914, sunan da ba ruwansa da ko gini ɗaya a garin. A 1994 aka ayyana tsakiyar garin a matsayin yankin tarihi da gwamnati ke karewa. Sai dai a ganin wannan bincike, kariyar doka ba ta cike gurbin al'ummar da aka kashe ba, shi ya sa gyaran majami'ar ya dogara sosai ga tallafin waje, musamman bayan da World Monuments Fund ta saka ta cikin jerin gine-ginen da ke cikin haɗari a 2000.