Injinan Tsaga Katako na Suki

Bayan yaƙin Burmi a 1903, mabiya Sarkin Musulmi Attahiru sun nausa gabas, suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. Gaɓar Shuɗin Nilu, inda suka sauka, dajin bagaruwa ce, wadda Larabawa ke kira sunut. Itacenta tauri gare shi, ga jure ruwa. Wannan ya sa gwamnatin Turawa ta girke injinan tsaga katako a Suki, don katakon shimfiɗa layin dogo. A 1989 Hukumar Gandun Daji ta Sudan ta gaji aikin. Irin waɗannan injina ba a yar da su don tsufa. Zarto in ya tsinke walda ake yi masa, a wasa haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, a mayar da shi kan gargarensa.