Bornheim: Tarihi da Tsarin Mulkin Ƙauyen da Birnin Frankfurt Ya Haɗiye

Gabatarwa

A ranar 1 ga watan Janairun 1877 aka shigar da ƙauyen Bornheim cikin birnin Frankfurt da ke bakin kogin Main a ƙasar Jamus. Shi ne ƙauye na farko da birnin ya haɗiye, kuma daga kansa aka buɗe ƙofar da garuruwa da ƙauyuka masu yawa suka bi cikin shekaru ɗari da suka biyo baya. Jamusawa suna da kalma ta musamman ga wannan al'amari, wato Eingemeindung, ma'ana a rushe hukumar wani gari a mayar da ƙasarsa da jama'arsa ƙarƙashin hukumar wani. Wannan nazari zai bi sawun Bornheim daga zamanin sarakuna zuwa yau, domin a ga wa ya mulke shi a kowane zamani, me ya sa aka haɗe shi, me ya samu, me kuma ya kuɓuce masa.

Ƙauye Mai Sunan Gunduma

Bornheim yana kan tudu, arewa maso gabas da tsohon birnin Frankfurt, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a ƙafa. Sunansa ya bayyana a takardu tun ƙarni na 12, mutanen wurin kuwa a karin harshensu Bernem suke ce masa. A zamanin da, yana cikin wata gunduma ta ƙauyuka 19 da ake kira Bornheimerberg, wadda ta samo sunanta daga tudun da ake zaman shari'a kusa da ƙauyen. Ƙasar gundumar ta sarki ce, wato mai riƙe da Daular Rum Mai Tsarki.

Sarakunan wancan zamani sun saba jinginar da ƙasa idan kuɗi ya yanke musu. A 1320 Sarki Ludwig na Bavariya ya jinginar da Bornheimerberg ga gidan sarautar Hanau, a 1434 kuma Sarki Sigismund ya tabbatar musu da ita a matsayin ƙasar da suke riƙe wa daula. Wannan ya tayar da hankalin Frankfurt. Birnin yana rayuwa ne a kan kasuwancin baje koli da hanyoyin fatake, ga shi kuma gundumar ta kusa kewaye shi ta arewa. Attajiransa da majami'unsa suna da gonaki a ƙauyukan, ba sa kuma so shari'ar dukiyarsu ta koma hannun wani basarake maƙwabci.

Majalisar birnin ta bi hanyar da ta fi ƙwarewa a kai, wato ciniki. A 1475 ta sayi haƙƙoƙin mulkin Bornheim daga wani gidan barade na garin Bergen. Ba da jimawa ba ta faɗaɗa shingen tsaronta na rami da ƙaya har ya ƙunshi gonakin ƙauyen, ta gina hasumiyar tsaro ta Friedberger Warte a 1478, wadda har yanzu tana tsaye. A 1481 aka yi sulhu: Frankfurt ta riƙe Bornheim da Hausen da Oberrad, Hanau ta riƙe sauran, daga baya kuma aka mayar da mazaunin shari'ar gundumar zuwa Bergen. Ta haka gundumar ta ci gaba da amsa sunan ƙauyen da ya riga ya fita daga cikinta.

Shekaru 400 a Ƙarƙashin Majalisar Birni

Wajibi ne a lura da bambancin da ke tsakanin mallakar birni da zama ɗan birni. Daga 1475 Bornheim ya zama mallakin Frankfurt, amma mazaunansa talakawan majalisa ne kawai. Ba su da haƙƙin ƴan birni, ba su da kujera a majalisa, kuma da yawansu suna cikin wani irin ɗaurin talala da ke ɗaure manomi ga ubangidan ƙasa, yana biyan haraji na musamman yana kuma yin aikin tilas. Wani ofishi na majalisar mai kula da karkara shi ke duba lamuran ƙauyukan. A cikin ƙauyen kuwa akwai dagaci, wanda ake kira Schultheiss, tare da dattawan da ke taya shi zaman ƙaramar shari'a. Shi ke tara haraji, shi ke isar da umarnin birni, ikonsa kuma daga sama yake zuwa.

Duk da haka kusanci da birni ya zame wa ƙauyen hanyar abinci. Manomansa suna kai kayan lambu da madara kasuwar Frankfurt, mutanen birni kuma suna fitowa shaƙatawa a gidajen abinci da na rawa da na giyar tuffa da suka cika ƙauyen. Daga nan ya samu laƙabin ƙauyen nishaɗi, laƙabin da ke ɗauke da yabo da zargi a lokaci guda, domin hukumomi sun sha kokawa da abin da ke gudana a wasu gidajen. Bikin shekara na ƙauyen, Bernemer Kerb, ana ƙirga shi tun daga 1608. Majami'ar Johannis mai hasumiya kamar albasa an sake gina ta bayan gobarar 1776.

Tsakanin ƙauyen da ganuwar birni akwai wani fili mai faɗi na kiwo da ake kira Bornheimer Heide. A nan ne Bafaranshe Jean-Pierre Blanchard ya tashi sama cikin balan-balan a ranar 3 ga Oktoban 1785, karo na farko da mutum ya yi haka a Jamus. A nan kuma aka kashe wakilai biyu na majalisar ƙasa, Lichnowsky da Auerswald, a tarzomar Satumban 1848. Wannan fili shi ne daga baya zai zama babban dalilin haɗewar.

Daga Napoliyon Zuwa Purushiya

Rushewar Daular Rum Mai Tsarki a 1806 ta kawo ƙarshen tsohon tsari. Frankfurt ta shiga hannun Karl Theodor von Dalberg, abokin ƙawancen Napoliyon, har zuwa 1813. Bayan taron Viyana na 1815 ta zama Birni Mai Ƴanci, ƙasa ce mai cin gashin kanta a cikin Tarayyar Jamus, tana da ƙauyuka takwas a ƙarƙashinta: Bornheim, Bonames, Dortelweil, Hausen, Nieder-Erlenbach, Niederrad, Oberrad da rabin Niederursel. Sai a 1818 aka kwance ɗaurin talalar manoma gaba ɗaya, a shekarun 1820 kuma aka ba ƙauyukan tsarin hukuma da ƴan kujeru a majalisar dokoki. A 1827 aka kafa famfon Hoher Brunnen, dogon ginshiƙi na jan dutse, wanda ya sauƙaƙa wa ƙauyen samun ruwa kuma ya zama alamarsa.

A 1866 Purushiya ta ci Ostiriya da yaƙi, ta mamaye Frankfurt, ta haɗe ta da ƙasarta. Ta kuma haɗe ƙasar Hesse-Kassel, wadda ta gaji ƙasar Hanau tun 1736. Kafin wannan shekara, wanda ya wuce gonakin Bornheim ya nufi Seckbach ya shiga wata ƙasa ke nan. Bayanta iyakar ta gushe, birni da maƙwabtansa suka koma ƙarƙashin gwamnati guda. Abin da a da sai an yi yarjejeniya tsakanin ƙasashe, yanzu ya zama batun gyaran iyakar ƙananan hukumomi.

Dalilan Haɗewar 1877

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne yawan jama'a. An rushe ganuwar Frankfurt a farkon ƙarni na 19, an sake wa sana'o'i mara a 1864, kuma zuwa 1875 mazauna birnin sun haura 100,000. Leburori da masu ƙananan sana'o'i da ba za su iya biyan haya a birni ba suka riƙa tarewa a Bornheim, har jama'arsa ta kai wajen 10,000. Hukumar da aka tsara domin ƙauyen manoma ta wayi gari tana ɗauke da nauyin ƙaramin birni: makarantu, tituna, magudanan ruwa, fitilu da kula da matalauta. Harajin talakawa ba zai ɗauki wannan ba.

Dalili na biyu shi ne ƙasa. Frankfurt tana da kuɗi amma wurin gini ya yi mata ƙaranci, Bornheim kuma yana da fili ba shi da kuɗin raya shi. Gine-gine sun riga sun fara cin Bornheimer Heide, kuma ba zai yiwu a shata tituna da bututun ruwa yadda ya kamata ba muddin hukumomi biyu ne ke iko da wuri ɗaya. An kammala haɗewar a zamanin magajin gari Daniel Heinrich Mumm von Schwarzenstein.

Riba da Asara

Ta fuskar doka, haɗewar ta ɗaukaka matsayin mutanen Bornheim, domin jikokin talakawan majalisa sun zama ƴan birni. Sai dai a wancan lokaci ƙuri'ar zaɓen majalisar birni ta maza ce kawai, su ma waɗanda samunsu ya kai wani mizani, don haka leburori da dama ba su shiga ciki ba. Ta fuskar ayyuka kuwa an samu ci gaba: taragon da dawaki ke ja ya iso, daga baya na lantarki, aka shimfiɗa bututu da tituna.

Asarar ita ce ta hukuma da ta iyaka. Ofishin dagaci da majalisar ƙauye suka gushe, dukiyar jama'a ta koma baitulmalin birni. Filin kiwon ya cika da gidaje masu benaye, akasarinsa kuma a yau ana lissafa shi cikin unguwar Nordend. Hatta lambun Günthersburg, wanda ke kan tsohuwar ƙasar Bornheim, a Nordend yake a taswirar hukuma.

Sauran maƙwabta suka biyo baya: Bockenheim a 1895, Oberrad da Niederrad da Seckbach a 1900, wasu garuruwa 11 a 1910, Höchst da Fechenheim da wasu a 1928. Zuwa 1910 jama'ar Frankfurt ta haura 400,000. A ƙarshen shekarun 1920, ƙarƙashin magajin gari Ludwig Landmann da mai tsara birni Ernst May, aka gina rukunin gidajen Bornheimer Hang domin masu ƙaramin ƙarfi, a cikin shirin Sabuwar Frankfurt. A 1980 layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na U4 ya ratsa unguwar. Ayyuka irin waɗannan sun fi ƙarfin aljihun ƙauye, kuma ba a zauren ƙauye aka yanke shawararsu ba.

Tsarin Mulki a Yau

Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Jamus ya ba ƙananan hukumomi ikon tafiyar da lamuransu da kansu. Wannan iko na Frankfurt ne gaba ɗayanta, Bornheim kuwa unguwa ce mai mutane kimanin 30,000, ba ta da matsayin hukuma. Majalisar birni mai wakilai 93 ita ke zartar da kasafin kuɗi da dokoki. Majalisar zartarwa da ake kira Magistrat ita ke gudanar da aiki, a ƙarƙashin magajin gari wanda jama'a ke zaɓa kai tsaye tun 1995.

A tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da ƙarshen 1970 an yi gagarumin garambawul a Jamus ta Yamma, inda adadin ƙananan hukumomi ya sauko daga kimanin 24,000 zuwa kimanin 8,500. Jama'a sun yi turjiya a wurare da dama. A jihar Hesse an haɗe Giessen da Wetzlar aka kira su birnin Lahn a 1977, aka kuma warware haɗin a 1979 saboda ƙin amincewar mazauna. A wannan zamani ne, a 1972, Frankfurt ta kafa majalisun unguwanni da ake kira Ortsbeirat. A yau birnin yana da 16, ana zaɓen su tare da majalisar birni duk shekara biyar, kowace kuma tana zaɓen shugabanta. Doka ta wajabta a saurare su a kan duk muhimmin al'amarin da ya shafi yankinsu, har da daftarin kasafin kuɗi, suna kuma da damar gabatar da shawara. Suna da ta cewa a kan ƙananan abubuwa kamar sunayen tituna da wuraren wasan yara, amma hukunci a kan manyan lamura yana hannun majalisar birni.

A nan akwai abin lura. Ƙauyuka huɗu da suka shigo a 1972, wato Kalbach, Harheim, Nieder-Eschbach da Nieder-Erlenbach, kowanne ya samu majalisar unguwa tasa, haka ma Bergen-Enkheim da ya shigo ranar 1 ga Janairun 1977, shekara 100 cif bayan Bornheim. Nieder-Erlenbach mai mutane kimanin 5,000 yana da tasa shi kaɗai. Bornheim kuwa, wanda ya riga kowa, yana raba majalisa ta 4 da unguwar Ostend. Waɗanda suka zo a makare sun shigo a zamanin da ake jin nauyin rushe hukumar gari ba tare da an bar masa murya ba. Wanda ya zo da wuri ya jira shekara 95 kafin ya samu ko da rabin hakan.

Kammalawa

Tarihin Bornheim ya kasu kashi uku ta fuskar mulki: zamanin da yake ƙasar sarki da ake jinginarwa, zamanin da yake mallakin majalisar Frankfurt daga 1475, da zamanin da ya zama unguwa daga 1877. A kowane zango, abin da ya yanke makomarsa shi ne buƙatar maƙwabcinsa mai ƙarfi, ta tsaro a ƙarni na 15, ta fili a ƙarni na 19. Abin da ya wanzu na ƙauyen ya wanzu ne a hannun jama'a: bikin Kerb a watan Agusta, kasuwar Laraba da Asabar a gindin ƙaramar hasumiyar agogo da ke titin Berger, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta FSV da aka kafa a 1899 mai filin wasa a Bornheimer Hang, da tsofaffin gidajen katako da ke kewaye da majami'ar Johannis. Mai nazarin haɗe garuruwa zai amfana idan ya riƙa raba tambayoyi uku: wa ke da ƙasa, wa ke riƙe da baitulmali, wa kuma ake saurara kafin a yanke hukunci. A Bornheim, amsar biyun farko ta koma Frankfurt tun 1877, ta ukun ce kawai ta dawo gida a 1972.